Yadda ake tsabtace motar rimot bayan wasa ba tare da kashe kuɗi mai yawa ba

Duk wanda ya taɓa sakin motar rimot ƙirar a-kori-kura a filin ƙwallon unguwa a Pantami, ko a cikin ɗaya daga kwarurukan da ruwan damina ya haƙa a garin Gombe, ya san halin da take komowa gida a ciki. Rairayi ya cika kowane lungu nata, ƙarangiya ta maƙale a ƙarƙashi, jar ƙura kuma ta lulluɓe wayoyi har ba a gane launinsu. Abin da mafi yawan mutane suke yi a wannan lokaci shi ne ɗaya daga biyu: ko dai su jefa ta bayan ƙofa sai wani wasan, ko kuma su kai ta bakin famfo su sheƙa mata ruwa kamar yadda ake wanke babur. Dukansu biyun suna rage mata kwana, kuma na biyun ya fi saurin kashe ta. Wannan ba ƙaramar asara ba ce a wurinmu, domin idan boris ya ci ko giya ta gutsure, ba abu ne da mutum zai shiga kasuwa ya saya nan take ba, sai dai ya yi aike Kano ko Legas, ko ya yi oda ta intanet ya zauna jiran makonni.

Kamfanonin ƙasashen waje suna sayar da magungunan feshi iri-iri da aka yi musamman domin wannan aiki, amma a ganina mutumin Gombe ba ya buƙatarsu. Kusan duk abin da ake nema yana cikin gida ko a kantin magani na bakin layi. Abin da ya fi kaya muhimmanci shi ne tsarin aikin, wato a fara da tsabtacewa a bushe, a bar ruwa ya zama na ƙarshe, kuma a yi rowar mai.

Kafin komai, ya kamata mutum ya san irin motar da ke hannunsa. Akwai 'yan ƙananan da ake sayarwa a shagunan kayan wasan yara, waɗanda suke aiki da batir irin na tocila ko na agogon bango, kuma duk kayan lantarkinsu suna kan faranti guda ɗaya tsirara a cikin bodi. Irin wannan ba ta shiri da ruwa ko kaɗan, buroshi da busasshen tsumma ne kawai abokan aikinta. Akwai kuma manyan, irin na kamfanonin Traxxas da Arrma da Tamiya da WLtoys, waɗanda ake kwatanta girmansu da na motar gaske da lissafi kamar 1/10 ko 1/8 ko 1/16, ana kwance su gunduwa-gunduwa a sake ɗaurawa. A cikin waɗannan akwai kayan lantarki guda huɗu da dole a san wurinsu: injin da ke juya tayoyi, akwatin da ke sarrafa gudu, risibar da ke karɓar umarni daga rimot, da ɗan injin sitiyari da ke karya kwana. Wasu kamfanoni suna rubuta cewa waɗannan kaya ba sa jin ruwa, sai dai wannan magana ta tsaya ga kayan lantarkin ne kawai, ba ta haɗa da boris da noti da sauran ƙarafa ba, waɗanda suke yin tsatsa kamar kowane ƙarfe.

Kayan aikin ba su da yawa. A nemi buroshin fenti sabo mai faɗin kamar yatsu biyu wanda bai taɓa shiga fenti ba, da tsohon buroshin haƙori guda biyu, ɗaya na wurare masu mai, ɗaya na wurare busassu, kuma kada a riƙa haɗa su. A yanka tsohuwar singileti ta auduga a yi tsumma da ita, domin auduga tana shan ruwa kuma ba ta barin zare kamar tawul. Sai tsinken sakace, da auduga irin ta goge kunne, da sabulun ruwa na wanke-wanke, da kwalbar sifirit daga kantin magani, da ɗan man keken ɗinki wanda kowane tela ya san inda ake samunsa. Sirinji marar allura yana da amfani wajen ɗiga mai daidai wurin da ake so. A samu tire na kicin ko murfin bokiti a riƙa zuba noti da sukuru a ciki, saboda sukuru mai tsawon milimita 8 idan ya faɗa cikin rairayin tsakar gida, ya tafi ke nan.

Akwai abubuwan da hannu yake saurin kaiwa gare su saboda mun saba ganin makanikai suna amfani da su, amma a nan ɓarna suke yi. Fetur da tina da ruwan goge farce suna cin robar da ake yin bodi da ita, su sa ta yi hazo ko ta tsattsage, kuma suna lalata zobban roba da ke cikin shokozoba. Baƙin man inji da aka juye daga janareto yana ɗauke da gurɓataccen garin ƙarfe, ga kauri, ga kama ƙura. Injin feshi na wurin wankin mota kuwa, ƙarfin ruwansa yana tura yashi da ruwa cikin boris da gidan giyoyi, wuraren da da kansu ba za su taɓa shiga ba, sai a wayi gari garin neman gira an rasa ido.

Da zarar an gama wasa, a fara kashe motar, sannan a kashe rimot, domin idan aka juya tsarin akwai motocin da suke iya zabura da kansu. A zare batir gaba ɗaya a ajiye shi gefe a inuwa. Kada a dogara da makunni kaɗai, saboda akwatin sarrafa gudu yana ci gaba da jan wuta kaɗan-kaɗan muddin waya tana haɗe, kuma ba a son wuta a jikin abin da hannu mai danshi zai taɓa. Bayan haka a ba ta kamar minti 20 ta huce. Inji yana yin zafin da yatsa ba ya iya tsayawa a kansa, musamman a watan Afrilu, kuma sanya wa ƙarfe mai zafi sifirit ko ruwa ba dabara ba ce.

Idan ta huce, a cire bodi a ajiye, a kifa motar a girgiza ta a hankali domin manyan tsakuwa da rairayin da ya taru a gidan batir su zube. Sannan a ɗora ta a kan bulo ko gwangwanin madara yadda tayoyi huɗun za su rataye, a ɗauki buroshin fenti a fara sharewa daga sama zuwa ƙasa, daga tsakiya zuwa gefe. A lokacin hunturu, wato daga kusan Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙasa take a bushe ƙamas, wannan shara ita ce mafi yawan aikin, kuma sau da dama ba a buƙatar ruwa ko ɗigo. Ƙurar hunturu laushi gare ta kamar garin fulawa, tana fita da buroshi cikin sauƙi idan tana bushe, amma da ta haɗu da ruwa sai ta zama kunu, ta gangara ta shige cikin kafofin da buroshi ba ya kaiwa, ta bushe a can.

Abin da buroshi ya bari, iska ce take fitar da shi. Famfon keke yana yi, haka ma bulowa irin wadda masu gyaran kwamfuta suke amfani da ita, amma mafi araha shi ne mutum ya ɗauki motarsa ya je wurin mai faci na bakin titi, ya roƙe shi ya ba shi aron tiyon iska na minti biyu. Ni nakan ce, "Malam, a taimaka mini da iska kaɗan," in ba shi abin da ake biya na iskar taya ɗaya, kuma ban taɓa samun wanda ya ƙi ba, sai dai tambayoyin yaran da za su kewaye ka. Sai dai akwai ladubba uku. Tankin iska yana tara ruwa, don haka a fara fesa iskar a ƙasa har a tabbata ba ta tofar da danshi. A nisanta bakin tiyo da motar kamar kamu ɗaya, kuma a karkata shi yadda ƙura za ta fita waje maimakon a cusa ta cikin boris. Idan akwai 'yar fanka a kan akwatin sarrafa gudu, a dafe ta da yatsa kafin a fesa, saboda iska mai ƙarfi tana juya ta fiye da ƙima har ta karya fukafukanta. A kuma kawar da fuska, domin tsakuwar da ta fito da wannan gudu ba ta san ido ba.

Daga nan sai a kwance tayoyi. A yawancin motoci masu girman 1/10 notin taya yana kwantuwa da sifana mai lamba 7, kuma a bayan kowace taya akwai wani ƙarfe ko roba mai kusurwa shida da ɗan siririn fil yake riƙe da shi. A kula da wannan fil, domin da an zare mai kusurwa shidan yake sulluɓewa, kuma idan babu shi taya ba za ta juya ba. A nan ne ake samun abin da ya fi komai cutar da motocinmu, abin da littafin kamfani bai yi tunaninsa ba: zaren buhu, guntun leda, gashin kitso na roba da iska ta kwaso daga bola, da busasshiyar ciyawa, duk sun nannaɗe a gindin shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya taya, kamar an yi da gangan. Idan aka bar su, suna matsewa suna shiga ƙarƙashin murfin boris, su buɗe wa yashi hanya, su kuma sa inji ya yi ta wahala yana zafi. A yanke su da reza a hankali, a zaro ragowar da tsinke. Ƙarangiya da tsaida da kashin yawo kuma a cire su da ɗan hantsaki, kada a sa yatsa.

Tayoyi su ne abin da za a iya wankewa da ruwa da sabulu hankali kwance, amma su ma da sharaɗi. A cikin kowace taya akwai soso mai tallafe ta, kuma akwai 'yan ƙananan huji a jikin wili ko a jikin tayar domin iska ta riƙa shiga da fita. A liƙe hujin da salatif kafin a wanke, a goge da buroshin haƙori, a ɗauraye da sauri, kada a jiƙa su cikin bokiti. Idan ruwa ya riga ya shiga, za a ji taya ta yi nauyi, kuma mota za ta riƙa rawa idan ta ɗauki gudu. Sai a cire salatif, a juya hujin ƙasa, a yi ta matsa tayar har ruwan ya daina fitowa, a bar ta ta kwana a wuri mai iska. A duba kuma bakin da taya ta haɗu da wili, domin da gam aka manna su, kuma idan wani gefe ya ɗaga, ɗigon sufa gulu ɗaya yana gyara shi tun yashi bai shiga ba.

Boris ne wurin da ya cancanci a ɓata lokaci a kansa. Mota mai jan ƙafa huɗu tana iya ɗaukar fiye da guda goma sha biyu, amma waɗanda suke gindin tayoyi, biyu a kowace ƙafa, su ne suke shan wahala, domin su ne kusa da ƙasa. A motoci da yawa masu girman 1/10 girmansu milimita 5 ne a ciki, 11 a waje, 4 a kauri, kuma ƙwallayen da ke cikinsu ƙwayar yashi ɗaya tana iya tsayar da su. Ba kowace rana ake cire su ba. Abin da ake yi kullum shi ne a goge fuskarsu da busasshen buroshi, sannan a juya shaf da yatsu a saurara. Idan yana juyawa sumul babu sauti, a ƙyale shi. Idan aka ji ƙaras-ƙaras kamar ana tauna shinkafa mai tsakuwa, to a turo boris ɗin waje, a jefa shi cikin ƙaramar kwalba mai sifirit, a rufe a girgiza, a zubar da ruwan da ya yi baƙi, a sake sabo har sai ya fito garau. Masu murfin roba ana iya ɗaga murfin da bakin allura a wanke cikin sosai a mayar, masu murfin ƙarfe kuwa gara a bar su a rufe, domin da wuya murfin ya koma daidai. A shanya shi a kan takarda har sifirit ya tashi, sannan a ɗiga man keke ɗigo ɗaya tak, a juya shi ya shige, a goge duk abin da ya fito waje. Wanda aka wanke sau biyu yana ci gaba da ƙara, ko aka ga yana lilo gefe da gefe, kwanansa ya ƙare. A rubuta awonsa a tambayi masu sayar da kayan gyaran fanka da janareto, in ba a dace ba a haɗa shi cikin oda ta gaba, kuma a sayi dozin a lokaci ɗaya saboda kuɗin kawowa ya fi kuɗin boris ɗin kansa.

Injin lantarki yana da wata matsala da ba a gani da ido daga nesa. A cikinsa akwai mayen ƙarfe mai ƙarfi, yashin kwari kuma yana ɗauke da wani baƙin gari mai ƙarfe a ciki, irin wanda ake gani ya yi layi-layi a kan rairayi bayan ruwa ya wuce, wanda yara suke tarawa da mayen ƙarfen tsohuwar lasifika. Wannan gari yana mannewa a jikin inji kamar gashi, kuma idan injin mai tagogi ne, irin masu gawayi a ciki da ake kira 540 ko 550, yana shiga har ciki ya riƙa gogar abin da ke juyawa. Buroshi ba ya cire shi, sai dai ya matsar da shi daga nan zuwa can. Dabarar ita ce a manna salatif a jikin injin a ɓare, garin zai biyo gam ɗin, ko kuma a sa wani mayen ƙarfe a cikin leda a shafa a bakin tagogin, sannan a juya ledar a zubar. Bayan haka a hura iska ta tagogin, a ɗiga mai ɗigo ɗaya a kowane ƙarshe inda shaf ya fito. Kada mai ya shiga ta tagogi ya taɓa gawayin da jan ƙarfen da suke gogawa, domin yana ƙonewa ya zama baƙin danƙo mai rage ƙarfin mota. Injin da ba shi da gawayi, wanda ake ganewa da wayoyi uku maimakon biyu, yawanci a rufe yake, goge bayansa kawai ya isa.

Kusa da inji akwai giya biyu da suke cizon juna, ƙarama ta ƙarfe a bakin inji da babba wadda sau da yawa ta roba ce. A buɗe murfinsu idan akwai, a bi haƙoran ɗaya bayan ɗaya da tsinken sakace, domin tsakuwa ɗaya da ta maƙale tsakanin haƙora biyu tana iya gutsure babbar giyar cikin daƙiƙa kaɗan. Idan babbar ta roba ce, a bar su a bushe, kada a shafa musu giris, saboda giris da yashi idan suka haɗu sun zama abin wasa wuƙa. Idan aka ga inji ya goce, a sassauta sukurorinsa, a sa siririyar takardar littafi tsakanin giyoyin biyu, a matse su, a ɗaure, sannan a juya takardar ta fita, ratar da ta bari ita ce daidai. Giyoyin da ke rufe a cikin gidansu na gaba da na baya ba aikin kullum ba ne, sai bayan watanni ko idan aka ji sabon sauti.

Shokozoba kuwa, a goge sandar da ke shiga da fita da tsumma mai laushi har ta yi ƙyalli, domin ƙurar da ke kanta ita take cin zoben robar da ke riƙe mai. Wanda aka ga ƙura ta yi masa laka-laka fiye da 'yan'uwansa, yoyo yake yi, kuma man silikon na musamman ake zuba masa, ba man inji ba.

Damina ita ce take canza lissafi. Idan mota ta dawo da laka, musamman a watan Agusta, akwai zaɓi biyu. Idan lakar ba ta da yawa, a bar ta ta bushe a inuwa, a ɓamɓare ta da tsinke da buroshi. Idan kuwa ta yi dumu-dumu, kuma ruwa ya riga ya jiƙa ƙarafa, jira ba shi da amfani, domin tsatsa tana farawa a dare ɗaya. A nan ne kawai nake yarda da ruwa a jikin shasi, wato gangar motar da aka ɗaura komai a kanta. Motar da ba a rubuta cewa kayan lantarkinta ba sa jin ruwa ba, a kwance su a ajiye gefe, ko aƙalla a ɗaure su cikin leda da roba. A zuba sabulu kaɗan a kofin ruwa, a riƙa tsoma buroshi ana gogewa sashe-sashe, a ɗauraye da buta a hankali, ana karkata motar yadda ruwan zai gangara waje. Buta ɗaya ta isa, wanda hakan ma sauƙi ne ga mai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa. Na taɓa barin ɗan ƙanwata ya taya ni wannan aiki, ina juya baya ya tsoma motar sukutum cikin baho yana cewa, "Kawu, ai haka ta fi fita." Ta fita ɗin, amma bayan kwana uku ƙafafun baya suka ƙi motsi, kuma boris huɗu na zubar.

Shanya ta fi wanki muhimmanci. A girgiza, a goge da tsumma, a hura iska a kowane kan sukuru da kowane haɗi, domin ramin kan sukuru yana riƙe ɗigon ruwa, kuma idan ya yi tsatsa alanki ba zai sake kama shi ba. A ajiye ta gaban fanka ko a baranda mai iska na wasu awoyi. Kada a ɗora ta a kan kwanon rufi ko a tsakiyar rana, saboda zafin yana lanƙwasa roba ya busar da tayoyi. Wanda yake da gwangwanin WD-40 zai iya fesa kaɗan a kan ƙarafa domin ya kori ruwa, sannan ya goge, amma ya sani cewa shi ba ya maye gurbin mai, hasali ma yana tsinka giris ɗin da ke cikin boris, don haka bayan wankin ruwa sai an bi boris na ƙafafu an sake ɗiga musu man keke. Fil-fil ɗin da hannayen ƙafafu suke lilo a kansu, a goge su a bar su kusan a bushe. Duk man da ido yake gani a waje, ƙura ce za ta same shi gobe.

Bodi shi ne mafi sauƙi. A yawancin manyan motoci fentin yana ciki ne, ba a waje ba, saboda haka a wanke bayan da ruwan sabulu da tafin hannu, cikin kuma a ɗauraye kawai ba tare da kankara ba. Kada a goge busasshiyar ƙura da busasshen tsumma, domin tana zana robar.

Kayan lantarki busasshen buroshi suke so, sai auduga da aka ɗan jiƙa da sifirit a goge bakin wayoyin batir idan sun yi duhu. A bi wayoyi da ido ko akwai inda fatar ta goge, a naɗe da tef ɗin masu gyaran wuta. Rimot ɗin kansa ba ya jure ruwa ko da motar tana jurewa, kuma yashi yana shiga gindin kunamarsa da sitiyarinsa, don haka shi ma a share shi. Idan za a yi mako biyu ba a yi wasa ba, a cire ƙananan batiran da ke cikinsa, domin suna yoyo su bar wani farin gishiri mai cin ƙarfe. Idan hakan ya riga ya faru, ɗigon ruwan lemun tsami a kan auduga yana narkar da shi, sannan a bi da sifirit a bar shi ya bushe sarai.

Batirin motar yana buƙatar kulawa ta daban. Na NiMH, wanda yawanci sel shida ne, wato ƙananan batira shida a haɗe, masu ba da bolt 7.2, ba shi da rigima, a goge shi a caje shi bayan ya huce. Na LiPo kuwa, wanda mai sel biyu yake ba da bolt 7.4, ba a ajiye shi a cike kuma ba a ajiye shi babu wuta. Cikakken sel yana kan bolt 4.2, ba a son ya sauka ƙasa da 3.0, kuma inda ya fi zama lafiya idan za a ajiye shi kwanaki shi ne wajen 3.8, wanda caja masu kyau suke da maɓallin kai shi can. A bazara, lokacin da zafin Gombe yake kaiwa digiri 40, kada a bar shi a cikin mota a rufe ko a kan taga, a sa shi cikin tukunyar ƙasa ko gwangwanin ƙarfe a wuri mai sanyi, nesa da katifa da labule. Yayin gogewa a duba ko ya kumbura ko ya huje, domin wanda ya kumbura yana iya kamawa da wuta, kuma ba a sake caja shi.

Masu mota mai injin mai, irin wadda take shan haɗin da ake kira naitiro, suna da ƙarin aiki kaɗan. A juye ragowar man da ke tanki, saboda yana jan danshi daga iska ya sa cikin inji tsatsa. A cire soson tace iska, a wanke da sabulu, a bar shi ya bushe ƙwarai, a shafa masa mansa kafin a mayar, kuma a toshe bakin kafireto da tsumma mai tsabta duk tsawon lokacin da ake aikin. Maiƙon da salansa ya fesa a jikin shasi yana fita da sifirit.

Wajen ɗaurawa, a mayar da fil da mai kusurwa shida, a ɗaure notin taya har ya kama, amma ba har taya ta ƙi juyawa ba. A bi sukurorin ƙasan shasi da alanki ɗaya bayan ɗaya, domin girgiza tana kwance su, sai dai waɗanda suke shiga cikin roba a tsaya da zarar sun zauna, ƙarin juyi ɗaya yana cinye ramin. Sannan a kunna rimot, a haɗa batir, a bar motar a kan bulonta a gwada sitiyari dama da hagu, a ba ta wuta kaɗan a saurari ƙafafu huɗun. Idan komai ya yi daidai, a sake zare batir, a sa motar cikin kwali ko tsohuwar rigar matashi domin ƙura, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi idan damina ce, kuma a bar bulo a ƙarƙashinta yadda tayoyi ba za su taɓa ƙasa ba, domin sosonsu yana lotsawa ta gefe ɗaya idan ta daɗe a tsaye a kansu.